Idan Baƙo Ya Tashi Kafin Wa'adi

Ma'aikacin banki ya biya hayar shekara guda a Kaduna cikin watan Janairu, kafin Mayu ya ƙare takardar canjin wurin aiki ta fito, an tura shi Yola. Wasu 'yan uwa sun kama ɗaki biyu na wata shida kusa da asibitin koyarwa don jinyar mahaifinsu, a wata na biyu rai ya yi halinsa. 'Yar bautar ƙasa ta biya kuɗin ɗaki, ba ta gama shimfiɗa leda ba aka amince mata ta koma jihar da mijinta yake. Dukansu ƙofar mutum ɗaya za su ƙwanƙwasa, makulli a hannu, su ce masa: to, ragowar kuɗinmu fa?

Mutumin nan shi ne wakilin gida, wanda mai gida ya danƙa wa kula da haya. Wani lokaci kuma mai gidan ne da kansa, ko matar da ta gyara sashe ɗaya na gidanta ta zuba kujeru da gado tana sauke baƙi na wata da watanni. A cikinsu akwai waɗanda suka iya wannan rana, iyawar da ta cancanci a zauna a dube ta, domin aiki ne da ya haɗa lissafi da sanin hukunci da sanin halin mutane, kuma ana yin sa ne a lokacin da ran kowa yake a kusa.

Abin da ya sa ranar take da nauyi a wajenmu shi ne yadda muke biyan haya. A yawancin biranen Nijeriya shekara ake biya gaba ɗaya tun kafin a shiga, ga la'adar dillali, ga kuɗin takardar yarjejeniya, ga kuɗin ajiya na ɓarna. Jihar Legas ta yi doka a 2011 wadda ta hana karɓar sama da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. A Gana dokar haya ta 1963 ta tsayar da abin a wata shida, amma 'yan uwanmu na Nima da zangon Kumasi sun san ana neman shekara biyu a hannunsu ido na ganin ido. Kuɗi mai yawa ke nan a dunƙule, kuma ba ya kwana. Ranar da ya shigo ya tafi siminti, ko kuɗin makarantar yara, ko kayan ɗakin 'yar da za a aurar. Saboda haka idan ka ji mai gida ya ɗaure fuska ya ce shi ba ya mayar da kuɗi, sau da yawa ba mugunta ce take magana ba, aljihu ne babu komai.

Kuma a gaskiya yana da hujja. Malamanmu na Malikiyya sun raba haya gida biyu. Akwai wadda aka yanke mata wa'adi, aka ce shekara ɗaya ko wata shida daga rana kaza, ita ake kira wajiba, ta ɗaure kowa, babu mai warware ta shi kaɗai. Akwai kuma mushahara, wato a ce duk wata kaza ba tare da an sa ranar ƙarewa ba, wannan kowa yana iya fita lokacin da ya so, sai dai idan an biya wani abu gaba, to gwargwadon abin da aka biya ya zama dole. Hanafawa sun sassauta, sun yarda uzuri irin na tafiya yana warware haya, amma a mazhabar da alƙalanmu suke hukunci da ita canjin wurin aiki bai isa ba. Wanda ya biya shekara ya tashi a wata na huɗu don ra'ayin kansa, ba zai ɗaga murya ya ce dole a ba shi ba.

Gwanin wakili ya san wannan sarai, ya kuma san ɗaya gefen da masu gida suke son mantawa. Idan yarjejeniyar farko tana nan daram, to amfanin ɗakin har ƙarshen wa'adi na ɗan hayan farko ne, ko yana ciki ko ba ya ciki, domin ya saya. Mai gida ba shi da ikon zuba wani a ciki ya karɓi sabon kuɗi ya haɗa da na farko. In ya sa wani, to ɗayan biyu: ko dai an warware ta farkon, sai ragowar kuɗi ta koma, ko kuwa tana nan, sai kuɗin sabon shiga ya zama na wanda ya tashi. Babu hanya ta uku da za a ci haya biyu a ɗaki ɗaya a wata ɗaya. A ganina duk gwanintar a kan wannan take tsaye. Wanda ya iya ba ya tambayar nawa aka biya, yana tambayar nawa gidan ya yi asara saboda tashin nan. Asarar ita ake riƙewa, abin da ya saura na mai shi ne. Addini ma ya kwaɗaitar da karɓar uzurin wanda ya ƙulla ciniki sannan ya nemi a warware, abin da malamai suke kira iƙala.

Na zauna kusa da wani wakili a Kano ranar da irin wannan ta taso. Dattijo ne, yana kula da gidaje masu kayan ɗaki waɗanda 'yan kwangila da ma'aikatan ƙungiyoyi suke kamawa. Wani injiniya matashi ya kama sashe ɗaya na wata shida, aikin da ya kawo shi ya tsaya a wata na uku. Ya shigo da shirin faɗa, ka gani a kafaɗarsa. Dattijon bai bari ya fara da kuɗi ba. Sai da ya tambaye shi lafiyar iyali, ya tambaye shi ko an biya su haƙƙinsu kafin aikin ya tsaya, ya sa aka kawo ruwa. Sannan ya ce, "Ɗana, yaushe kake son tashi? Faɗa mini ranar da za ka miƙo makulli, daga nan lissafinmu zai fara."

Da aka tsayar da rana, ya jawo littafinsa ya juya shi ya fuskanci yaron, yadda duk abin da zai rubuta yana gani. Lissafin ya tafi kamar haka, in na daidaita alƙaluman don sauƙin fahimta. Sashen naira 300,000 ne a wata ga mai wata ɗaya. Saboda ya ɗauki wata shida aka yi masa ragi zuwa 250,000, ya biya 1,500,000. Shi a ransa rabi ya zauna, rabi za a ba shi, wato 750,000. Dattijon ya ce masa, "Ragin nan da aka yi maka, don me aka yi?" Ya ce don ya ɗauki wata shida. "To ka ga yanzu wata uku ka yi. Da tun farko wata uku ka ce, nawa za ka biya?" Yaron ya yi shiru, sannan da bakinsa ya ce 900,000. Saura 600,000. Dattijon ya ja layi a ƙarƙashi ya ce, "Wannan ba zan ce maka naka ne duka ba, ba kuma zan ce na Hajiya mai gidan ne ba. Daga ranar da ka fita, duk kwanan da sashen ya yi babu kowa, naira 10,000 ne a kanka. Ranar da wani ya shiga, lissafinka ya tsaya. In wata guda ya cika ban samu kowa ba, laifina ne, ba zan ƙara maka ko kwana ɗaya ba." Kwana 12 sashen ya yi a rufe. An cire 120,000, aka tura masa 480,000.

Kowa zai iya wannan lissafi a waya. Abin da ya burge ni shi ne yadda aka jera shi. Bai yanke hukunci ya miƙa ba, ya sa yaron ya taka kowane mataki da ƙafarsa, har adadin da ya fi yi masa ciwo daga bakinsa ya fito. Ya kuma sa wa asarar iyaka. Wannan iyakar ta wata guda ita ce ta kwantar da hankalin baƙon, domin babban tsoron mai tashi shi ne a ce masa sai an samu wani, sannan a bar ɗakin a rufe babu mai neman kowa, tunda kuɗi yana hannu. Da wakili ya ɗora wa kansa wa'adi, ya mai da neman sabon baƙo aikinsa na gaggawa. Tun a daren ya sa hotunan sashen a WhatsApp, ya kira dillalai biyu da yake hulɗa da su.

Rabin aikin da baƙo ba ya gani ya fi wannan wuya, wato shawo kan mai gida. Wakili ba shi da ikon yin kyauta da dukiyar da ba tasa ba, kuma wanda kunya ta sa ya yi alkawarin mayar da kuɗi kafin ya ji daga mai shi ya ci amana, ko da niyyarsa mai kyau ce. Dattijon nan a gabana ya kira mai gidan. Bai fara da tausayin yaro ba, don ya san ba da tausayi ake gyara famfo ba. Cewa ya yi, "Hajiya, barka da yamma. Injiniyan nan zai tashi. Na mayar da shi farashin wata-wata, kin ga kin samu ƙarin 150,000 a kan wata ukun da ya yi. Kwanakin da za a yi kafin wani ya shiga shi zai biya. Ke babu abin da ya fita daga hannunki sai kuɗin watannin da za ki sake sayar wa wani." Ta yi 'yar gardama, ta ce ai ta riga ta sa kuɗin a wani abu. Ya ce, "Na sani, ranki ya daɗe. Daga kuɗin mai shigowa za mu biya shi, ba daga jakarki ba." Nan magana ta mutu.

A shekarun nan ma hujjar wakili ta ƙara ƙarfi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 komai ya tashi, haya ma ta bi. Wanda ya shiga bara a kan 600,000, in ya tashi a wata na huɗu, mai shigowa ba a kan wannan farashin zai shiga ba. Sau da yawa tashin ɗan haya da wuri riba ce ga mai gida, don ya samu damar sabunta farashi wata takwas kafin lokaci. Wakili mai gaskiya yana faɗa wa mai gida wannan ƙarara. Mai gidan da ya ci wannan riba sannan ya ƙi sakin ragowar kuɗin wanda ya tashi, ni ban ga sunan da za a kira abin da ya yi ba sai zalunci.

Akwai kuma rabe kuɗi gida-gida, wanda marasa gwaninta suke cakuɗawa. La'adar dillali ba ta dawowa, domin ya yi aikinsa ya kawo mutum, kuma kuɗin bai taɓa shiga hannun mai gida ba. Wannan a faɗa wa baƙo tun ranar shiga, kada ya fara ji ranar fita. Kuɗin hidima kuwa, wato dizal na janareta da ruwa da kwasar shara da wutar lantarki, hukuncinsa daban. Wanda ya tashi ba ya ƙona dizal. Tun da aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, wannan kaso ya zama babban abu a gidajen da ake haɗa shi da haya, kuma duk abin da ba a sha ba ya kamata ya koma cif, ko an samu sabon baƙo ko ba a samu ba. Sai kuɗin ajiya na ɓarna, wanda amana ce zalla, ba haya ba ce, ba a taɓa shi don cike giɓin kwanaki sai da yardar mai shi.

Duba ɗaki ranar fita shi ma fanni ne. Gwani ba ya zuwa shi kaɗai bayan an tafi, tare da baƙon yake zagayawa, da rana, da hotunan ranar shiga a wayarsa. Ya kunna na'urar sanyaya ɗaki ya tsaya ya ji ƙararta, ya buɗe firji, ya ɗaga katifa ya dubi ƙasanta, ya murɗa kowane famfo, ya ƙirga makullai da rimot, ya karanta mita ya rubuta lambar a gaban mai ita. Yana bambance tsufa da ɓarna. Fentin da ya dusashe, labulen da rana ta ci, wannan na gida ne, da ma haya ake biya don a mori abu. Gilashin da ya fashe, ƙonuwar dutsen guga a kan kujera, wannan na baƙo ne. In za a cire kuɗin gyara, ya kira mai gyaran ya faɗi farashi a gaban kowa, kada a ce daga baya an yi ƙari. Na ga wakilin da ya tarar baƙuwa ta bar yunit na wuta mai yawa a mita, ya lissafa ya ƙara mata a kan kuɗinta ba tare da ta tambaya ba. Abin bai taka kara ya karya ba, amma shi ya sa ba ta yi musu a kan ko ɗaya daga cikin abin da ya cire ba.

Duk wannan idan baƙo ne ya tashi don kansa. In gidan ne ya kore shi, lissafi ya juye. Rufi yana yoyo tun farkon damina an yi ta alkawari, rijiyar burtsatse ta lalace sati uku babu ruwa, an ce akwai janareta ashe ya mutu. Wanda ya tashi saboda irin wannan ba a mayar da shi farashin wata-wata, ba a ɗora masa kwanakin da ɗaki ya yi a rufe, domin ba a ba shi abin da ya biya ba. A nan gwanintar ita ce wakili ya iya gane gaskiyar dalili. Akwai baƙon da ya samu wuri mai araha sai ya fara ganin aibin da bai gani ba wata huɗu. Akwai kuma mai kawaici wanda ya sha wahala bai yi magana ba, ya zo yana cewa tafiya ce ta kama shi alhali ruwa ne ya kore shi. Wakilin da yake ajiye saƙonnin koke da ranakunsu ba ya shan wahalar rarrabewa, kuma yakan ba mai kawaicin haƙƙin da kunya ta hana shi nema.

Inda abin ya fi tsanani shi ne mutuwa da saki, kuma nan ne na fi ganin darajar wanda ya yi karatu a zaure kafin ya kama wannan sana'a. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a makarantun ilimi na ƙasar Hausa, ta bayyana cewa haya ba ta warwarewa da mutuwar mazaunin gida. Watannin da suka saura sun shiga gado. Saboda haka ƙanin mamaci ba zai zo bayan sadakar uku ya ce a ba shi ragowar kuɗi a miƙa masa ba, sai magada sun wakilta shi, ko alƙali ya rubuto. Sannan ga matar mamaci. Takaba wata 4 da kwana 10 ce, a gidan da mutuwa ta same ta, kuma a Malikiyya tana da haƙƙin wannan zama idan gidan na mijin ne ko ya riga ya biya hayarsa. Yakan faru dangin miji su matsa a mayar da makulli a karɓi kuɗi a raba, ita kuma tana ciki da carbi a hannu. Wakili na ƙwarai cewa yake yi, "Ku yi haƙuri, Allah ya jiƙan Malam. Maganar kuɗi sai ta fita takaba." Haka idan miji ya yi saki ya zo da zafinsa yana neman ragowar haya don matar ta rasa wurin zama. Idda a ɗakinta take yi, kuma wakilin da ya san haka ba ya yarda a yi amfani da hannunsa a fitar da ita. Yakan ce a je wurin mai unguwa ko limami, ko Hisba in a Kano ne, abin da aka yanke shi zai bi.

Daga nan ne ƙa'idar da ba ya karyawa ta fito: kuɗi yana komawa inda ya fito. In kamfani ya biya wa ma'aikacinsa, asusun kamfani za a tura wa, ko ma'aikacin ya yi rantsuwa an yafe masa. In uba ya biya wa ɗalibi, uban za a kira. Wannan tana kuma tsare shi daga 'yan damfara masu turo alat na bogi, ko su biya da asusun sata, bayan kwana biyu su ce sun fasa a mayar musu ta wani asusun daban.

Ɗalibai nasu babi ne mai zaman kansa. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur, bayan wanda aka sha a 2020 haɗe da kullen korona. A unguwannin ɗalibai irin su Samaru ta Zariya ɗakuna sun zauna a rufe, kuɗin shekara yana ƙonewa. A irin wannan babu sabon baƙon da za a samu, garin ne gaba ɗaya ya yi shiru, don haka dabarar jiran mai shigowa ba ta aiki. Abin da mai hankali yake dubawa shi ne wa ya kwashe kayansa ya miƙa makulli, wa ya kulle ɗaki da katifarsa da littattafansa a ciki. Na biyun yana morar ɗakin, ko da a matsayin ma'ajiya. Kuma maimakon tsabar kuɗi da babu, ana iya biya da lokaci, a ƙara wa ɗalibi wata biyu ko uku a kan wa'adinsa in an dawo. Mai gida bai fitar da ko kwabo ba, uban yaro kuma ya samu sa'ida.

Masu sauke baƙi ta intanet sun tarar an rubuta musu nasu tsarin. A Airbnb, kamfanin da aka kafa a San Faransisko ta Amurka a 2008, zaman da ya kai kwana 28 ana ɗaukarsa dogon zama, kuma baƙon da ya katse bayan ya shiga yakan biya kwanakin da ya yi da ƙarin kwana 30 masu zuwa, ko abin da ya rage in bai kai haka ba. Notis na wata guda ke nan a wata riga. Tsarin bai hana mai masauki ya mayar da fiye da haka ba, kuma waɗanda suka iya sukan ce wa baƙo ya gyara ranar fitarsa a manhajar don kwanakin su buɗe, duk daren da wani ya kama a mayar masa da kuɗinsa. Ba sa yarda a koma gefe a yi ta hannu da hannu, domin in rigima ta tashi babu shaida. A Ingila kuwa dokar 2019 ta kuɗaɗen da ake ɗora wa 'yan haya ta ce idan ɗan haya ya nemi fita kafin wa'adi, abin da za a karɓa a hannunsa kada ya wuce asarar da mai gida ya yi. Dattijon Kano bai karanta ko ɗaya daga cikinsu ba, a kan awo ɗaya suka haɗu.

Yi wa baƙo irin wannan adalci ba kuma baƙon abu ba ne a wajenmu. Fatoman da suke sauke fataken goro da na shanu a zangunan Kurmi da Gwanja, irin masu gidan Sabo ta Ibadan, jarinsu shi ne abin da baƙo zai faɗa in ya koma gida. Falke ɗaya da aka cuta ya isa ya kashe wa mai masauki hanya guda. Yau ma 'yan kwangila da ma'aikatan lafiya da masu jinya junansu suke tambaya kafin su kama wuri.

Wani lokaci baƙo yakan zo da madadinsa, ya ce ga abokin aikina zai ƙarasa watannin. Hukunci ya ba shi wannan dama matuƙar mai shigar bai fi shi cutar da gida ba, sai in an sharɗanta hani tun farko. Wakili yana murna da haka don ya rage masa aiki, amma ba ya karɓa ido rufe. Gwauro ɗaya ya fita iyali mai mutum tara su shiga ba daidai ba ne, haka mai zaman lafiya ya fita mai tara jama'a har tsakar dare ya shiga. Yana ganin mutumin, ya karɓi shaidarsa, ya rubuta sabuwar takarda da sunansa, ya rufe ta farkon. In ba haka ba, ranar da aka fasa wani abu za a rasa wanda za a kama.

Idan an gama lissafi, sai rubutu. Takarda ɗaya, ranar fita, abin da aka riƙe da dalilinsa layi-layi, abin da za a mayar, da ranar da za a mayar. Su sa hannu, shaida ɗaya ko biyu su sa. In mai gida ba shi da kuɗin a dunƙule, gwani ba ya cewa "in sha Allahu kwanan nan" ya bar mutum yana ta bugo waya daga Yola. Yana raba shi kashi biyu ko uku, kowanne da ranarsa, kuma shi yake fara kira ranar da ta cika, ko da cewa zai yi a ƙara masa kwana uku. Wasu ma sun wuce nan, sun shawo kan masu gidajensu a riƙa barin hayar wata ɗaya ko biyu a asusu daban ba a taɓawa, saboda irin wannan rana.

Akwai kuma ranar da amsar ita ce a'a, kuma faɗinta da kyau yana cikin aikin. Wanda saura masa sati uku ya cika shekara, babu abin da za a mayar, don kafin a share a yi fenti wa'adin ya ƙare. Wanda ya tashi cikin dare bai sanar ba, ya tafi da makulli, bayan wata uku ya bugo yana neman kuɗin watannin da ba ya nan, shi ma babu, domin ɗakin yana hannunsa duk tsawon lokacin. Lissafi daga ranar miƙa makulli yake farawa, ba daga ranar da mutum ya daina kwana ba. Ko a nan wakili ba ya fasa ƙofa don haushi. Yana aika saƙo a rubuce, ya jira wa'adin ya cika, in ta kama a buɗe ya nemi izinin kotu, ya kira mai unguwa da shaidu, a rubuta duk abin da aka tarar a ciki ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki hoto, a kulle kayan a wuri guda har mai su ya zo ko ya aiko.